Daren da Na Kashe Fitilun Ganuwa

Ranar wata Laraba bayan yankan dawa, a shekarar da naira ta fito, wani baƙo ya sauka daga motar Funtuwa a ƙauyenmu, kusa da Ruwan Godiya, da jaka a kafaɗa da wani ƙarfe mai ƙafa uku. Ina dawowa daga rijiya da tulu a ka na gan shi yana zagaya tsohuwar ganuwa, wadda gonar Baba take jingine da ita, yana leƙa soron ƙofar da muke wasan ɓuya a ciki idan mun kai awaki kiwo. Ya ce wa mai gari shi mai hoto ne daga Zariya, so yake ya ɗauki ganuwar da dare, taurari a samanta, in za a ara mashi fitilu.

Hoto da dare? Wa zai yarda! Mai hoton kasuwar Faskari ko hadari ya taso tattara kayansa yake yi. Kuma a shekarun nan gwamnati ta samu kuɗi, ko'ina hanya ake fasawa, duk inda aka kafa ƙarfe mai ƙafa uku, to gonar wani ta tafi. Baba ya ture tuwonsa. "Mai awon hanya ne," ya ce wa Inna, "dare ya zaɓa don kar mu ga inda zai kafa turaku." Gonar nan ita kaɗai gare mu, ita ke cika mana rumbu.

Bayan isha'i mai gari ya sa kowane gida ya kawo fitilar ƙwai, Baba kuwa ba shi da halin ƙi. Aka jera su a gindin ganuwa, jar ƙasar ta haska, taurari birjik a sama. Wallahi ban taɓa sanin tana da kyau haka ba. Baƙon ya ɗora akwatin hotonsa a kan ƙarfen, ya roƙe mu kada kowa ya motsa har sai ya gama ƙirge. Wannan ƙirgen ne ya tsinka mani zuciya, na ce shi ke nan, awo yake. Na dubi Baba, na ga ya kafa wa ƙarfen ido. Ni kuwa da ma an san ni da rawar kai. Na ruga na bi fitilun ina murɗe lagwani ɗaya bayan ɗaya, a cikin duhun na yi karo da ƙarfen, akwatin ya faɗi a kan dutse.

Bai zage ni ba. Ya durƙusa yana tsintar gilashi, ya ce, "Yarinya, me na yi maki?" Da safe ya tafi. Baba ya saya mani sabon ɗankwali, ni ko har da taƙama a dandali.

Bayan damina biyu masu hanyar na gaske suka zo, da rana tsaka. Katafila ta bi ta kan gonarmu, ta haɗa da ganuwar, Baba ya koma noman aro har ya rasu. Yau jikokina har kwanon tuwo suke ɗauka hoto da waya, amma in sun tambaye ni yadda ganuwar take, sai dai in zana masu da tsinke a ƙasa. Mutum ɗaya ne ya so ya ajiye mana ita, ni kuma na fasa mashi akwati.