Ranar da Kifi Ya Hana a Raba Mini 'Ya'ya

Ko tsufa ya kai ni ga manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da na fita takabar mijina a Kurfi ba. Ranar ce wansa, Alhaji, ya zo raba mini 'ya'ya uku kamar naman layya.

Alhajin nan, Allah ya yi shi da son a ce da shi babba. Tun da ƙaninsa ya kwanta jinya sau ɗaya ya leƙo, amma ranar rabo shi ya riga kowa zama a kan tabarma. Ya ce babban yaron zai tafi wurinsa a Dutsin-Ma, ta tsakiya Birchi, autan kuma a kai wa wata gwaggo. Gwano ba ya jin warin jikinsa, nasa 'ya'yan ma a bakin tasha suke wuni.

"Alhaji, autan fa ko shekara bai yi da yaye ba," na ce.

"To an yaye shi, mi zai yi da uwa kuma?"

Surukata, Hajiya, tana gefe tana jan carbi. Ni kuwa na riga na sallama, hawaye kawai nake.

Sai ga ƙanwata ta yi sallama. Tana karatu can bakin teku, tana binciken wata dabbar ruwa da ake kira dolfin, ta zo ne ta taya ni fita takaba. Alhaji ba ya iya ganin wurin nuna isa ya wuce.

"A'a, malamar kifi! Wai duk tarwaɗar da ke dam ɗin Zobe ba ta ishe ki ba sai kin tafi teku? Ba mu labarin kifin naki mu yi dariya."

Ba ta yi fushi ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe bidiyon dabbar a waya ta miƙa wa Hajiya. Ta ce siffarsa ce kawai ta kifi, amma haihuwa yake yi. Matan sukan haɗu ƙungiya-ƙungiya, masu goyo sun fi zama inda ruwa ba zurfi, saboda ƙananan. Kowanne yana da irin fitonsa da ake gane shi da shi, kamar suna.

Hajiya ta ajiye carbi, ta kai wayar dab da ido. "Ke 'yar nan, wanga ƙaramin mi shike yi ƙarƙashin uwar?"

"Nono yake sha, Hajiya."

"Ikon Allah! To in ta yaye shi fa?"

"Ba ta sakin shi da wuri. Shekaru yake yi a gefenta, a nan yake koyon inda ake samun abinci da inda ake gudu."

"Mazan fa?"

"Suna can bibbiyu da abokansu, suna yawo."

Hajiya ta yi dariyar da ba ta yi ba tun rasuwar ɗanta. "Ashe ko cikin ruwa halinsu guda ne."

Alhaji ya fara gyara hula yana cewa ai dabba ce, ba ta da hankali. Hajiya ta juyo ta dube shi.

"To kai mai hankali, dabbar ma ba ta raba ɗa da uwa. Ɗiyan nan ba inda za su. In taimako ya kawo ka, hatsi ya san hanyar Kurfi."

Ya tashi yana laluben takalmi, ko sallama babu. Hatsin kuwa har yau bai gano hanyar ba.

A gabana yaran suka girma, autan yanzu ya fi ni tsawo. Ban taɓa ganin teku ba, amma duk sanda aka ambaci dolfin sai na sa masa albarka. Abin da na koya shi ne, baki shi ke yanka wuya, kuma kada ka raina abin da wani ya je nema. Da Alhaji ya iya kama bakinsa ranar nan, da ya tafi da 'ya'yana.