Faya-fayan Shagon Aski

Ranar ta fara yadda ta saba. Da safe ɗana ya sha shayi a tsaye, uwarsa tana mita kan rigar da bai goge ba. Da hantsi ya buɗe shagon askinsa, ya yi shara, ya goge allurar garmaho da ɗan buroshi kafin ya taɓa almakashi. Da rana ta take na biya don ya rage mini suma.

"Baba, zauna. Naka na zuwa."

Ya zaro faifan da ya saba sa mini, tsohon kiɗan Turawa, piyano a hankali da wata mata mai murya kamar yanzu ta tashi daga barci. Kowane mai zuwa aski yana da nasa, kuma ɗana ke zaɓa, daga ganin yadda mutum ya zauna a kujera. Direban bas ya sami mai jita da ganguna kamar ana rushe gini. Tela, maƙwabcin shagon, ya sami na rawa. Aski ɗaya gefen faifai ɗaya ne. Ko an gama, ba a tashi sai allura ta kai ƙarshe.

"Kai, ina da aji fa," na ce.

"Ɗalibanka za su yi mini godiya. Saurari wannan waƙar, Baba. Don ita aka yi faifan, sauran rakiya suka yi mata."

Na saurara. Na makara.

Da yamma ya rufe shago, ya durƙusa yana ɗaure takalmi, zuciyarsa ta tsaya. Tela ne ya kira ni.

Mai ginin yana son shagonsa a ƙarshen wata. Ƙanena ya ce a kira 'yan gwangwan su kwashe faya-fayan. Na ce a'a, kowa zai karɓi nasa. A nan muka cije, domin garmahon a bayan kujera yake. Shekara da shekaru mutanen nan madubi suke kallo, ba wanda ya taɓa lura da kwalin faifansa, balle sunan mawaƙin.

"Nawa ja ne," in ji direba.

"Kai da ko jar fitilar titi ba ka gani?" in ji tela.

Sai muka buɗe shagon ran Asabar, muka jera benci. Ni nake ɗora allura. Duk wanda ya ji nasa sai ya miƙe. Direba bai bari gangar farko ta sauka ba ya yi tsalle. Wani tsohon mai gadi da kunnensa ya yi nauyi ya dafa sifika da tafin hannu, faifai bayan faifai, har ya ce, "Ga shi." Kuma ba wanda ya yarda a ɗaga allura kafin gefen ya ƙare, har da ƙanena. Abin da na zaci na yini ɗaya ne ya ci mana sauran watan.

Na koyar da mutane da yawa. Ban san ko akwai wanda na sani yadda ɗana ya san waɗannan ba.

Kujerar askin tana wurin tela. Almakasai da injin mun ba wani abokin sana'arsa. Garmahon da faya-fayan da ba a zo nema ba uwarsa ta ɗauka, ta jera su a tsaye cikin kabad, nesa da taga.