Na Komo Tambuwal Bayan An Raba Gadona

Na bar Tambuwal gemuna bai gama fitowa ba, na komo da furfura. Ayarin goro na bi zuwa Gwanja, da niyyar in juyo kafin damina. Ciwo ya kayar da ni can, ayari ya taso ya bar ni hannun mai masauki. Da na warke na zama yaronsa, daga baya abokin cinikinsa, shekaru suka yi ta wucewa. Ban ƙi garin ba, amma duk sadda aka ambaci gida, ganuwar Tambuwal nika gani da kukokin bayanta. Da mai masaukin ya rasu, na ɗaura wa jaki kaya na biyo fatake. Na rabu da su a Fakku, na ratso Kebbe ni kaɗai.

Sarkin ƙofar Tambuwal saurayi ne, ban san shi ba. Ya tambaye ni baƙon wane ne, na faɗa masa gidan mahaifina.

"Gidan shina nan," in ji shi, "amma ɗansu na Gwanja ya daɗe da rasuwa."

Na ce masa ni ne. Ya dube ni, ya dubi jakin, ya ba ni hanya.

Ƙanena na tarar a zaure yana tufka igiya. Da sallamata ya gane ni. Ya ce, "Yaya?" ya zauna daɓas bisa igiyar. Sai da na sha ruwa ya ba ni labari. Wani falke ne ya zo ya rantse an binne ni a gabansa. Aka yi sadaka, aka raba abin da na bari. Iyayenmu sun rasu da wannan sani. Matata ta yi takaba, ta auri wani majemi a unguwar gabas, har ta aurar da ɗiyarsu ta fari.

Na saurara kamar labarin wani ake ba ni.

Washegari muka tafi wurin alƙali. Zancen gonar da na bari bai daɗe ba, ƙanena ya ce tawa ce. Na ga yawan bakunan da take ciyarwa, na ce a yanka mini gefen tudu ya isa. Sai alƙali ya ce akwai abin da ya fi gona nauyi: tunda mutuwar ba ta tabbata ba, igiyar aurena tana nan.

Aka kira majemin da matata. Ta tsaya bayan zana, ban ga komai ba sai ƙafafunta, sun tsufa kamar nawa.

"Sannu da hanya, Malam," ta ce. "Ashe da sauran shan ruwa."

"Da saura. Ina kike son zama?"

Ta ce, "Ɗiyana suna can."

Nan take na sake ta. Bayan ta gama idda aka sake ɗaura musu aure, ni na ba da goron. Mutane sun yi ta yaba mini, alhali ban ji na rasa wani abu ba. Yarinyar da na bari ba ita ce bayan zanan nan ba.

Na gina ɗaki a kangon bayan gidanmu, na kafa faifan goro a kasuwa. Da fari nakan ɓata a lungunan da na taso ciki, don an toshe wasu an buɗe wasu. Yara suna dariyar Hausata, wai ta karkace. Waɗanda muka yi karatun allo tare saura kaɗan, mukan zauna ƙofar masallaci bayan la'asar, ba mu cika magana ba.

Da ruwan farko ya sauka na shuka gero. Ƙasar tudun ba ta da ƙarfi, amma ta ba ni abin da ya kai ni wata damina.