Akwatin Malam Daudu

Shekara goma sha tara Malam Sama'ilu yana koyar da aji biyar a wata firamare kusa da Kanya Babba, ba a taɓa kama shi da makara ba. Sai dai dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, shi kuwa hutunsa na gona ne.

Ranar da aka ba da hutun bara, tsohon hedimastansa, Malam Daudu, wanda yanar ido ta raba da karatu, ya sa aka ɗaura masa akwatin katako a bayan babur. Littattafai ne fal, na tarihi da na taurari da na tafiye-tafiye.

"Malamin da ba ya karatu a hutu rijiyar rani ce," in ji tsohon. "Ana ɗiba, ba ta kawowa. Duk Juma'a ka zo ka ba ni labarin abin da ka karanta."

Sama'ilu ya tura akwatin ƙarƙashin gado, ya saɓi fartanya. Gero na jiran maimai, ciyawa ta rufe gyaɗa. Idan an sauko daga masallaci, sai ya zauna a zauren tsohon, ya kwashe abin da ya ji a rediyo ya ce a littafi ya gani.

"Madalla! A wane shafi?"

"Wajen tsakiya, ranka ya daɗe."

Haka aka yi Juma'a shida. Kullum ya tashi tafiya, sai tsohon ya sa masa albarka.

Ana saura kwana uku a koma makaranta, matarsa Zaituna ta jawo akwatin za ta yi shara. Gindinsa ya zube. Gara ta cinye takardun, ta bar jar ƙasa.

Bai jira Juma'a ba. Ya durƙusa a bakin tabarmar tsohon ya faɗi komai, kansa a ƙasa.

"Ai na sani, ja'iri. Rediyonka da nawa tasha ɗaya suke kamawa," in ji Malam Daudu. "So na yi in sake jin littattafan, ko da a bakin wani."

Sama'ilu ya gwammace a ce zaginsa aka yi.

"Me garar ta rage mana?" in ji tsohon.

"Rabin na taurari, Baba. Farkonsa ya tafi."

"Farkon yana kaina. Buɗe."

Sama'ilu ya kaɗe ƙasar da gefen hannun riga, ya gyara zama, ya fara daga shafi na arba'in da ɗaya.