Hoton Inna da na hana makarantarta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyata, kuma har yau in wani ya ce mini "Innarmu" sai na kau da kai. Ni kaɗai ta haifa, amma rabin unguwar Zango na kiranta uwa.

A tsakar gidanmu ta buɗe lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta, bayan ta bar koyarwa a ta gwamnati. Yara tara ne a kan tabarma, 'ya'yan maƙwabta da na Kanawa 'yan kasuwa, tana shirya su shiga kwalej. Da suka ƙaru, ɗakina aka fara mayarwa aji, na koma kwana wajen kaka. Ta kuma kafa mini doka: daga safe har a tashi babu Inna, sai Madam, don kada a ce tana fifita 'yarta. Sauran yara kuwa Inna suke ce mata, tana amsawa da murmushi. Ranar da na zo ta ɗaya, sai da ta sake duba takarduna sau biyu. Inuwar giginya ce Inna, na nesa ka sha, kuma ba zan ɓoye ba, na yi kishi.

Yanzu makarantar ta yi bene a hanyar Tirmini, har da motar ɗaukar yara. Me Inna za ta ce da ta gani? Na san ba benen za ta kalla ba. Za ta wuce ni a bakin ƙofa ta je tambayar wane yaro ne bai karya kumallo ba.

Makon jiya daraktan makarantar, tsohon ɗalibinta, ya zo gida.

"Hajiya, hoton Inna muke so mu rataya a ƙofar shiga, wanda take ita kaɗai."

Na zazzage akwati. Kowane hoto cike yake da 'ya'yan mutane, sai guda ɗaya da aka ɗauke mu a Birni wata sallah, ina kan cinyarta, hannunta a kaina. Na nuna masa.

"Ba komai," in ji shi, "mai hoto zai iya cire ki."

Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi ƙofa.

Abin da ta shuka ya tsiro, likitoci da malamai suna yi mata addu'a, Allah ya kai haske kabarinta. Su riƙe benen, su riƙe sunan. Hoton dai ya koma akwati, kuma ina cikinsa.