Takardar ƙorafin da na sa wa hannu ni kaɗai

Shekaru da dama ke nan, can wajen ƙarshen shekarun casa'in, ni da wani abokina muka buɗe ɗan shago a Tawa muna buga wa mutane takardu da kwamfuta. Biyu gare mu, tsofaffi, ɗaya ma sai an ɗan bubbuga ta kafin ta tashi. Amma waɗanda suka iya aikin a garin ba su da yawa, don haka muna ji da kanmu.

Wata rana aka liƙa sanarwa cewa wata ma'aikatar gwamnati na neman wanda zai koya wa ma'aikatanta kwamfuta, musamman yadda za su kulle bayanai da kalmar sirri, da yadda za su kare su daga cutar kwamfuta ta birus da faifan disket ke yawo da ita daga biro zuwa biro, wato ofis-ofis. Aikinmu ne na kullum. Muka haɗa dosiye, wato takardun neman aikin, muka kai, har na fara tunanin rigar da zan sa ranar buɗe darasi.

Da sakamako ya fito, sai ga sunan wani Alhaji mai fataucin albasa, wanda kowa ya san bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Kowa kuma ya san shugaban kwamitin da ya ba da kwangilar ƴar Alhajin yake aure.

Cikin zafin rai muka rubuta takardar ƙorafi. Da aka zo sa hannu, abokina ya ajiye alƙalami. Ya ce sojoji ke mulki, matarsa na da tsohon ciki, ba zai iya ba. Ban ga laifinsa ba. Na sa hannu ni kaɗai, na kai kwafi ɗaya ma'aikatar, na aika ɗaya Yamai ta gidan waya.

Bayan mako guda masinjan shugaban ya zo ya ce ana nemana. Kwana uku a jere ina zama a kan benci tun safe har la'asar, ba wanda ya ce mini ci kanka. Rana ta uku riga biyu na sa, don na ji an ce wanda aka tsare da tufafin jikinsa yake tafiya. Da aka shigar da ni, shugaban bai ɗaga murya ba. Ya tambayi lafiyar mahaifiyata, ya faɗi ƙauyenmu da unguwar da nake haya, abubuwan da ban taɓa gaya masa ba. Sannan ya turo mini wata takarda da aka riga aka buga, mai cewa na janye, ƙarya na yi. Ya ce akwai wurare can arewa da ake kai masu yawan rubutu su huta. Abin da kawai ya zo mini shi ne in ce sai na yi shawara da mahaifiyata. Ya yi murmushi ya ba ni kwana biyar.

A gari kuwa, labari ya bazu wai Alhajin ya rantse sai ya ga bayana. Na daina bi ta layin ƴan albasa, na sauya masallaci.

Na shiga mota zuwa Barmou, ƙauyenmu, wurin mahaifiyata. Gaskiya, na tafi ne don ta ce in janye, in samu abin fakewa. Na same ta tana sussuka, na kwashe komai na gaya mata. Sai ta tambaye ni ko abin da na rubuta gaskiya ne. Na ce gaskiya ne.

Ta ce, "Ɗana, ni ban san wannan na'ura taku ba. Amma in ka sa hannu cewa ka yi ƙarya, to ran nan ne ka fara yin ta."

Sai daga baya ƙanwata ta gaya mini cewa ina juya baya tsohuwar ta shiga ɗaki ta yi ta kuka, kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba.

Ban koma biron ba. Kwanaki biyar suka cika, suka wuce, kullum ina jiran a zo. Na rame har wando ya fara zame mini. Ba a zo ba. Ashe takardar da na aika Yamai ta isa, an turo masu bincike. Aka soke kwangilar, aka ba wani kamfani na can. Ni ban samu komai ba, ma'aikata ma suka daina kawo mana bugu na tsawon lokaci.

Wata hantsi ina shago ni kaɗai, sai ga Alhajin a bakin ƙofa. Na miƙe, na rasa ta inda zan bi. Ya yi sallama, ya zauna, ya cire hula yana share zufa. Ya ce shi ko faransanci ba ya karantawa. Surukinsa ne ya karɓi hatiminsa da sunan wani aiki, sai a bakin mutane ya ji wai ya ci kwangila. Tun ranar bai samu kwanciyar hankali ba, ya kuma kasa tunkarar mijin ƴarsa.

Ya ce, "Malam, da ba ka rubuta ba, ran da asiri ya tonu ni za a ɗaure. Na so in zo tuni, amma an ce mini kana da manya a Yamai, sai na ji tsoronka."

Har yau in aka yabe ni a kan wannan lamari, kunya nake ji. Ban ƙi janyewa don jarumta ba, kasa komawa biron na yi, na kuma kasa haɗa ido da mahaifiyata. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makonnin da muka kwashe, ni da dattijon nan, kowa na kewaye layin ɗan'uwansa, alhali tafiyar minti goma ce tsakaninmu.