Albasar 'Yan Kokawa

Ni da taubashina shekara guda munka shiga jami'a can kudu, tafiyar yini daga Malanville in mota ba ta yi gardama ba. Shi ɗan kawuna ne, wan innata, ni kuwa ɗan mace, shi ya sa tun muna yara ba shi da abin da yake kirana da shi sai "bawana". Wasan taubasai ne, kowa ya sani, ba a fushi. Ni ma ban taɓa jin zafin abin ba sai da munka je can, shi ya zama mai tsaron ragar 'yan ƙwallon jami'a, ni kuma na shiga 'yan kokawa.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu. Na yi hassadar mutumin nan, irin hassadar da ke hana tuwo wucewa a maƙogwaro. Kuma ba don ya fi ni ƙarfi ba, da hannu guda nake kai shi ƙasa, har gobe in ya yarda a gwada.

Ga yadda abin yake. Kowane ɗalibi in ya biya kuɗin rajista a farkon shekara, akwai ɗan abin da ake cirewa na wasanni. Da mai wasa da wanda ko kare ya biyo shi ba ya gudu, duk suna biya. Biron wasanni, wato ofishinsu, shi ke raba kuɗin tsakanin ƙungiyoyi, kuma rabon ne abin kallo. 'Yan ƙwallo su ne 'yan gaban goshi: riguna kala biyu, takalma, doguwar mota mai sunan makaranta a jikinta, kuɗin abinci duk ranar da sunka fita, har da ruwan gora mai sanyi. 'Yan ƙwallon kwando da na hannu su lashi ƙasan tukunya. Mu 'yan kokawa mu shida ne, abin da anka taɓa ba mu kuwa shi ne yashi mota guda, anka zube muna bayan ɗakin cin abinci, dab da inda ake watsa ruwan wanke-wanke. Gajerun wandunanmu ma mu munka saya a gwanjo.

Da la'asar sai ka ga taubashina ya biyo ta wurinmu cikin rigarshi mai ƙyalli, yana taunar cingam kamar akuya. Shi tsaya shi riƙe ƙugu shi ce, "Bawana, har yanzu kuna nan kuna birgima kamar jakkai?" In dumbuzi yashi in watsa mishi, shi ruga yana dariya, ni ma in yi dariya. Tawa dai a haƙora ta tsaya.

A shekararmu ta biyu mai kula da wasanni ya kira mu biro. Mutum ne mai sanyin magana, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya ce kuɗi sun yi ƙaranci, za a soke ƙananan ƙungiyoyi, sai wadda ta samo mai ɗaukar nauyinta daga waje. Mu abin da ake nema gare mu dala dubu arba'in ne na kuɗin sefa, a zuba a banki, a kawo takardar shaida kafin ƙarshen satin farko bayan hutun bazara. In ba haka ba a cire kokawa daga jerin wasannin jami'a.

Na ce mishi, yadda muke kiran malamai da Faransanci, "Mushe, su 'yan ƙwallo fa, nawa za su kawo?"

Ya ce su ai ba a maganarsu, su ke fitar da sunan makaranta.

Abokaina biyar duk 'ya'yan manoma ne da masunta, ni kaɗai ne ɗan gidan kasuwa. Da munka fito sai sunka zuba mini ido. Akwai wani ƙato a cikinsu, ɗan Madekali, mai ƙarancin magana, wanda duk mun san in anka fita da shi gasar jami'o'i babu mai tsayawa gabanshi. Shi na duba na bugi ƙirji na ce su bar mini, garinmu ba a wasa da kokawa.

Hutu ya same mu a tsakiyar kakar albasa. Zafi kamar ya dafa mutum, kasuwa kuwa ba masaka tsinke, buhuna jibge har bisa hanya. Na sami kawu a rumfarshi cikin layin 'yan albasa, na durƙusa na gaishe shi, na kwashe labari na faɗa mishi. Ya tura hula ƙeya.

"Kai, wane irin boko ne wanga? A kashe kokawa a bar bugun fata?"

Ɗanshi na cikinshi ke bugun fatar, amma haka ya ce, kuma wallahi na ji sanyi a raina. Ya kama hannuna ya bi da ni rumfa rumfa. Sai dai akwai abin da na sani na manta: a kaka ɗan albasa ba ya kwana da kuɗi a aljihu, duk dalar da yake da ita tana cikin buhu. Babu wanda ya ba ni ko dala guda. Wannan ya ce a ware mini buhu, wancan ya ce rabi, a haɗa da rabin maƙwabcinshi, kawu ya ba da uku. Kafin azahar ina da buhu goma sha biyu na jar albasa mai kyau, kowa na cewa Allah shi ba mu sa'a mu kada su.

In na sayar a gida ba za ta kai ba, don a kaka buhu bai wuce dala dubu biyu. Ko da ma za ta kai, ba a sai da kyauta a idon wanda ya ba ka, abin kunya ne da za a daɗe ana faɗi. Kawu ya ce in kai ta kudu, can buhu ya ninka har da ɗori. Na lissafa na ga za mu biya, har mu yi saura na ɗinka wanduna iri ɗaya.

A satin nan kuma 'yan ƙwallon jami'a sunka zo wasan sada zumunci da ƙungiyar gari. Tabɗi! 'Yan kabu-kabu sunka tarbo motarsu tun daga bakin gari suna ta oda. Fili ya cika, wasu har bisa itace. Anka ba 'yan gari bugun daga kai sai mai tsaron gida, taubashina ya yi tsalle ya cafke, sai wuri ya kaure, ka ce ba garinsu ya hana ci ba. Na hango kawu, wanda shekaranjiya ke cewa bugun fata, yana tsalle da babbar riga yana ihu, "Ɗana ne! Ɗana ne!" Ni ina jingine da wayar shingen filin, zuciyata baƙi ƙirin. Washegari da safe inna ta soya kifi, ta ƙulle a kwano, ta ce in kai wa ɗan wanta kafin su tashi. Ni da na kwana biyar a gida ba a soya mini ko kan tarwaɗa ba.

Na same su suna loda jakunkuna. Ya karɓi kwanon, ya buɗe, ya shaƙa, sannan ya ɗaga murya gaban mutanenshi.

"Bawana, baba ya ce kana da kaya. Dubi bisan motarmu, wayam. Na yi magana da direba, ya yarda. Kawo albasarka mu ɗaukar maka, ai ubangida shi ka ɗaukar nauyin bawanshi."

Wani dogo a cikinsu ya toshe hanci ya ce daɗa mota za ta yi warin miya har kudu. Sunka kwashe da dariya. Nan take na hango sauran shekaruna a makarantar nan, duk inda na gitta ana cewa kokawa a bisan motar 'yan ƙwallo ta tsira. Zuciya ta ɗebe ni.

Na ce, "Na riga na sami mota."

Ƙarya nake, ko tasha ban leƙa ba. Na juya zan tafi, ya biyo ni bayan motar inda babu kowa, ya bar wasa, ya kira ni da sunana na yanka.

"Haba, wasa nike. Kwana takwas ya rage muku. Yau da magariba muna can. Ka kawo kayan nan, don Allah."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Wannan tausasawar ta fi komai ƙona ni, don na ga shi ke da mota, shi ke da gari, ga shi kuma shi ke da hankali. Na ce mishi na ce na sami mota, kunnenshi ya toshe ne? Ya dube ni ya daɗe, ya ɗaga kafaɗa ya shiga. Ina tsaye motar ta tashi, bisanta babu komai sai tayar safaya.

Kawu da ya ga buhuna na nan, na ce mishi motarsu ta cika. Sai ya haɗa ni da wani mai kamiyo, babbar motar kaya, da zai yi kudu. To kamiyo ba ya tashi sai ya cika, kwana uku muna tasha. Kuɗin abincina na wata na ba da na dako, kuma da yake kayana kaɗan ne, su anka ɗora a ƙarshe, can bisa. Mun wuce Kandi kaɗan sai munka ji ƙara a ƙasa, mota ta karkace ta tsaya. Ƙarfen baya ya karye. Direba ya hau babur ya tafi neman wani, ya ce yanzu zai dawo. Yanzun nan tashi kwana huɗu ta yi.

A rana ta biyu hadari ya taso daga gabas, ruwan farko na shekara, kamar da bakin ƙwarya. Tamfol ɗin motar duk huji ne. Ina ƙarƙashin mota ina jin ruwa na tsiyaya ta cikin buhuna. Da gari ya waye rana ta buɗe da ƙarfinta, kuma duk ɗan Malanville ya san abin da ke samun albasar da ta sha ruwa a buhu sannan rana ta dafa ta. Na sauke nawa da kaina, na kwance, na baza ƙarƙashin wata ɗorawa. Ina tsinta ina matsawa, wadda ta yi laushi in jefar, har hannuwana sunka yi yauƙi, ƙudaje sunka yi mini rumfa. Abokaina na kira a waya, in ce muna hanya, komai lafiya. Taubashina ya kira sau shida, ban ɗauka ba.

Ranar da wa'adi ya cika da yamma munka shiga gari. Buhu biyar sunka rage. Matan kasuwar can sun ga gaggawa a fuskata, sunka yi ta yanka kuɗin yadda sunka ga dama, sai da na kwana biyu kafin na rabu da su. Abin da na tashi da shi bai kai rabin abin da ake nema ba. Duk da haka na zuba a banki, na kai takarda biro, ko za a tausaya.

Mai kula da wasanni ya karanta, ya ce ash-sha, an riga an aika da jerin ƙungiyoyi, babu kokawa a ciki. Kuɗin da ya shiga kuma ba ya fita, zai tafi asusun kowa da kowa. Ya tambaye ni su wa sunka ba da, don a yi musu godiya. Na ce 'yan albasar garinmu ne. Ya rubuta.

Na tara abokaina a kan yashinmu na ce musu ruwa ne ya duke ni a hanya. Ban yi maganar motar 'yan ƙwallo ba. Ƙaton nan na Madekali ya tashi ya ba ni hannu ya ce, "Ƙaddara ce, ka yi ƙoƙari, mun gode." Sauran ma sunka bi shi ɗaya bayan ɗaya suna gode mini. Bai taɓa zuwa gasar ba, bayan shekara ma ya bar karatun ya koma gona.

Da shekara ta juyo, 'yan ƙwallo sunka fito da sabbin riguna, a bayan kowace an rubuta godiya ga 'yan albasar Malanville. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi! Taubashina ya aika wa babanshi hoto a waya, hoton ya yi ta yawo rumfa rumfa, tsofaffin da ba su iya karatu ba suna sa a karanta musu. Tun daga nan duk kaka motar jami'a sai ta zo, a loda mata buhuna har ta rusuna, na ƙwallo.

A irin wannan lodin ne, ina gida hutu, kawu ya kama hannuna gaban mutanen layi ya ɗaga.

"Ga wanda ya buɗe hanyag ga. Shi ya fara kai sunanmu jami'a."

Anka yi ta sa mini albarka, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai wani dattijo da ke zaune bisa buhu ya ce, "To, yaro, 'yan kokawar taku fa? Ba mu ƙara jin labarinsu ba."

Na ce, "An soke ta, baba."

"Subhanallahi! Duk albasar da munka ba da? Mi ya kashe ta?"

Na buɗe baki, ban san abin da zai fito ba. Taubashina yana bisan mota yana karɓar buhu, ya riga ni.

"Ruwa ne ya duke shi a hanya, baba. Motarmu kuma ran nan ta cika, ba mu samu mun ɗaukar mishi ba."

Dattijo ya ce ikon Allah, ya koma ga goronshi. Taubashina bai ko dube ni ba, ya miƙa hannu aka ba shi wani buhun. Wallahi har wannan rufin asirin sai da na ji haushin cewa daga bakinshi ya fito. Shekara nawa ke nan ban gode mishi ba, mutanen nan biyar kuma har yau sun ɗauka ruwa ne.